Yadda za ka wuce sabon binciken yatsu da fuska a filayen jirgin Turai ba tare da jirgi ya bar ka ba

Tun da ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a bakin iyaka, tambayoyin da masu karatu ke turowa kusan iri ɗaya ne. Da mai zuwa bikin yaye ɗansa a Jamus, da mai kai iyali hutu Sifaniya, da hajiyar da za ta je duba jika a Faransa, kowa so yake ya san awa nawa zai tsaya a layi, me za a tambaye shi, kuma in jirginsa na biyu ya tashi yana layi, wa zai ɗauki asarar.

Sunan tsarin EES, wato tsarin rajistar shiga da fitar baƙi ta kwamfuta. An fara shi ranar 12 ga Oktoba 2025, ana faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan, aka sa 10 ga Afrilu 2026 a matsayin ranar da zai kama aiki gaba ɗaya. Ƙasashe 29 ke cikinsa, kuma shi ne ya maye gurbin tambarin da ake bugawa a fasfo. Maganar dogon layi kuwa ba jita-jita ba ce. A Disamba 2025 ƙungiyar filayen jiragen saman Turai, ACI Europe, ta ce lokacin tantance fasinja ya ƙaru da har kashi 70 cikin 100 a wasu filayen, jira kuma na kai awa 3 a lokutan cunkoso. A ƙarshen wannan watan gwamnatin Fotugal ta dakatar da tsarin na wata 3 a filin jirgin Lisbon saboda layin ya fi ƙarfin ma'aikata.

Tsawon layi ba a hannunka yake ba. Amma galibin wanda jirgi ke bari, tun ranar sayen tikiti ya yi kuskuren, shi ya sa mataki na 2 ya fi sauran tsawo.

1. Fara sanin ko tsarin ya shafe ka

Ya shafe ka in ba ɗan ƙasar Tarayyar Turai ko sauran ƙasashen Shengen ba ne kai, kuma gajeriyar ziyara za ka yi, wato wadda ba ta wuce kwana 90 ba. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan da ke riƙe da bizar ziyara, wadda aka rubuta wa harafin C, yana ciki. Haka ma ɗan'uwanmu da ya samu fasfon Birtaniya, Amurka ko Kanada, duk da cewa shi ba ya buƙatar biza.

Akwai bambanci tsakanin waɗannan biyun. Mai biza ya riga ya ba da zanen yatsunsa ranar da ya je neman bizar, suna ajiye a rumbun bayanan biza. A iyaka hoton fuskarsa za a ɗauka a buɗe masa rajista, yatsun kuma a gwada su da waɗanda ke ajiye don tabbatar da shi ne. Wanda ba ya buƙatar biza kuwa, ranar shigarsa ta farko za a ɗauki yatsu 4 da hoton fuska. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsa, amma ana ɗaukar hotonsa.

Bai shafe ka ba in kana da katin izinin zama a wata ƙasar Shengen, ko doguwar biza mai harafin D irin ta ɗalibai da ma'aikata, ko kuma fasfon ɗaya daga cikin ƙasashen. Ayilan da Saifurus suna cikin Tarayyar Turai amma ba sa cikin tsarin, har yanzu tambari suke bugawa. Suwizalan, Norwe, Aisland da Liechtenstein ba sa cikin Tarayyar amma suna cikin tsarin. Birtaniya nata daban ne, bizar Shengen ba ta shigar da kai Landan.

Gargaɗi: in kana da katin zama, kada ka bi ayarin fasinjoji zuwa na'urar rajista. Fito da katin tare da fasfo ka nuna wa jami'i. In aka buɗe maka rajistar ɗan ziyara bisa kuskure, kwamfuta za ta fara ƙirga maka kwana 90 alhali gidanka ka koma.

2. Gano filin da za a tare ka, kafin ka biya kuɗin tikiti

Ana yin binciken ne a filin Shengen na farko da ka sauka, ko da ba can ka nufa ba. Wanda ya tashi daga Abuja da Lufthansa zai je Rum, a Frankfurt zai yi layi. Wanda ya hau KLM daga Legas zai je Madrid, a Amsterdam zai yi. Mai hawa Air France zuwa Lisbon, a Paris. Jirgi na biyu tamkar na cikin gida ne, in ka sauka ba wanda zai sake tambayarka fasfo a bakin iyaka. Ke nan duk jinkirin yana faɗawa ne a tsakanin jiragenka biyu, daidai inda agogo ke gudu.

Kamfanoni na sayar da tikiti mai tazarar awa 1 da 'yan mintuna tsakanin jirage biyu. Wannan tazarar ba ta yi lissafin layin baƙi mai mutum ɗaruruwa ba. Shawarata, kada ka yarda da ƙasa da awa 3 a filin da za a yi maka rajistar farko. In kana tare da yara ko tsoho, ko tafiyar ta faɗo a Yuli da Agusta, ko makon Kirsimeti, ko hutun Ista, nemi awa 4. Zaman jira da kofin shayi ya fi kwanan kujera.

Duba lokacin sauka ma. Jiragen da ke tashi daga Afirka ta Yamma da daddare suna isa Turai da sassafe, lokacin da manyan jiragen Amurka da Asiya ke sauka a jere. Kana ganin ka yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana. Duka fasinjojin nan layi ɗaya za ku shiga.

Akwai hanyar kauce wa wannan matsalar gaba ɗaya. In ka bi ta Santambul, Alkahira, Doha, Kasablanka ko Addis Ababa, kamar yadda masu tashi daga Kano da Yamai suka saba, filin Shengen na farko shi ne zangonka na ƙarshe. Ko layin ya kai awa 2, ba jirgin da ke jiranka. Sai dai kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa mai ƙayyadadden lokaci dab da saukarka, kuma ka gaya wa mai zuwa ɗaukarka kada ya baro gida sai ka kira.

Gargaɗi na farko: tikiti biyu daban-daban. Wasu kan sayi tikitin zuwa Paris, sannan su sayi na wani kamfani mai araha daga Paris zuwa Milan. In layi ya riƙe ka, a wurin kamfani na biyu kai fasinja ne da bai zo ba, kuɗinka ya tafi, sai sabon tikiti a farashin ranar. Ga kuma ɗaukar kaya da sake auna su. In kuwa tikiti ɗaya ne mai lambar ajiya ɗaya, galibi kamfanin zai sa ka a jirgi na gaba. Tambayi mai sayar maka da tikiti ƙarara: lamba ɗaya ce ko biyu?

Gargaɗi na biyu: komawa ma akwai layi, kuma a filin Shengen na ƙarshe ake yi. Mai dawowa daga Rum ta Frankfurt, a Frankfurt za a rubuta fitarsa. Mutane kan ba wa zuwa tazara mai kyau su manta da dawowa, alhali jirgin Abuja ko Legas sau ɗaya yake tashi a rana, in ya tafi sai gobe.

In wucewa kawai za ka yi, misali daga Abuja ta Frankfurt zuwa Amurka, ba ka fita daga ɓangaren masu wucewa ba, EES ba ruwansa da kai. Amma masu fasfon Najeriya da Gana suna cikin waɗanda ake nema wa bizar wucewa ta filin jirgi, sai in suna da abin da ya ɗauke musu ita, kamar bizar Amurka ko Kanada mai aiki. Kuma in zangonka biyu ne a cikin Shengen, kamar Frankfurt sannan Paris sannan Amurka, to shiga ka yi, sai da cikakkiyar biza da rajista.

Mazauna Ingila masu shiga Faransa ta jirgin ruwa daga Dover, ko da mota ta ramin ƙarƙashin teku daga Folkestone, ko jirgin ƙasa na Eurostar daga tashar St Pancras, tun a ɓangaren Ingila jami'an Faransa ke yin binciken, kafin a hau. Sai a ƙara lokaci a can.

3. Ƙirga kwanakinka da alƙalami

A da jami'i ne ke buɗe shafukan fasfo yana neman tambari yana lissafi, wani lokaci ya gaji ya wuce da kai. Yanzu kwamfuta ce ke ƙirgawa, kuma ko kwana ɗaya ka ƙara sunanka zai shiga jerin waɗanda suka wuce wa'adi.

A takardar bizarka akwai abu biyu da ake rikitawa: ranakun da bizar ke aiki, daga kaza zuwa kaza, da kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Ofisoshin jakadanci kan ƙara kwana 15 a kan ranakun aikin bizar don ko tafiyarka ta ɗan gusa, amma wannan ba ƙarin kwanan zama ba ne. A ce an ba ka kwana 20, bizar kuma tana aiki har tsakiyar Agusta. In ka shiga 10 ga Yuli, dole ka fita zuwa 29 ga Yuli. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce, ko da ƙarfe 11 na dare ka sauka.

Mai biza ta shekara ɗaya ko fiye, mai shiga da fita sau da yawa, ƙa'idarsa kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, ana waiwayawa baya daga ranar da yake ciki. Wanda ya yi kwana 60 ya dawo gida ya yi mako guda ya koma, kwana 30 suka rage masa. Fita ba ta mayar da lissafi farko. Shafin intanet na Tarayyar Turai yana da abin lissafin kwanakin nan kyauta.

Gargaɗi: duba ko bizarka ta shiga ɗaya ce. In ka shiga Faransa, ka leƙa Landan ko Maroko, ka riga ka cinye ta, ba ka komawa da ita ko da kwanakinka ba su ƙare ba.

4. Haɗa takardu, kuma a jakar hannu

Sabon tsarin bai canza sharuɗɗan shiga ba, sai dai yanzu an fi yin tambayoyin, har na'ura ma tana yi a wasu filayen. Biza kuma ba ta tilasta wa jami'i ya shigar da kai. Ka riƙe fasfon da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, wanda zai ci gaba da aiki aƙalla wata 3 bayan ranar fitarka. Ka riƙe tikitin komawa, takardar otal ko ta gayyata mai adireshi da lambar wayar mai masaukinka, da takardar inshorar lafiya ta tafiya mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, wadda dama da ita aka ba ka bizar. Sai shaidar kuɗin kashewa. Kowace ƙasa da nata ma'auni: Jamus Yuro 45 a rana, Faransa Yuro 65 ga mai takardar otal da Yuro 120 ga marar ita, Sifaniya sama da Yuro 100 a rana.

A buga su a takarda. Waya kan mutu a layi, intanet ɗin filin jirgi kan ƙi kamawa, kuma a wurare da yawa ba a son ganin waya a gaban jami'i. In bizarka na cikin tsohon fasfo, ɗauki duka biyun. In uwa ce kaɗai ke tafiya da yara, ko kaka da jika, a riƙe takardar haihuwa da takardar amincewar mahaifin da ba ya cikin tafiyar.

Batun kuɗi: rajistar EES kyauta ce, ba a biyan ko sisi, ba kuma a yin ta a wurin wani dillali a gida. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka ita kafin tafiya, damfara ce. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Akwai wani izini daban mai suna ETIAS, na Yuro 20, wanda aka tsara farawa a ƙarshen 2026, amma na waɗanda ba sa buƙatar biza ne, kamar masu fasfon Birtaniya da Amurka. Mai bizar Shengen ba ya buƙatarsa.

Akwai manhajar waya ta hukuma mai suna Travel to Europe, wadda ke bari ka shigar da bayanan fasfo da hotonka cikin awa 72 kafin isa. Suwidin ce ta fara amfani da ita, kuma ba kowace ƙasa ke karɓarta ba. Ba dole ba ce, ba ta kuma hana ka tsayawa gaban jami'i.

5. Shirya yatsu da fuska tun daga gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin zaɓe na'ura ta ƙi karanta yatsansa ya san yadda abin yake: a goge, a sake ɗorawa, a sake gogewa, na baya suna tsaki. Haka take a can.

Mata, maganar lalle ce babba a nan. Yawancin tafiyar hutu ana yin ta ne bayan biki ko bayan Sallah, hannu ya sha ƙunshi. Lalle mai kauri a kan tafin yatsu, musamman baƙi, yana iya hana na'ura ganin zanen. In tafiya ta matso, a yi adon a bayan hannu, a bar kan yatsu fes. In an riga an yi, a ba shi lokaci ya dushe, kada a kankare da wani abu mai kaifi ko sinadari, don rauni a yatsa ya fi lallen matsala.

Bushewar fata ma tana hana karatu, kuma iskar cikin jirgi na busar da hannu ko ba lokacin hunturu ba. Shafa mai kaɗan tun kuna sama, ka goge kafin ka isa na'ura, kada hannun ya zama da maiƙo. Tsofaffi da masu aikin hannu da zanen yatsunsu ya shafe, ba za a mayar da su gida don wannan ba. Doka ta tanadi wanda ba zai yiwu a ɗauki yatsunsa ba, jami'i zai rubuta dalili. Amma zai ɗauki lokaci, wani dalili ke nan na neman tazara mai yawa.

Hoton fuska kuwa, ana son fuskar ta fito daga goshi zuwa haɓa. Hijabi ko ɗankwali ba matsala ba ne muddin bai rufe goshi da kumatu ba. Mai niƙabi za ta ɗaga, tana kuma iya roƙon a haɗa ta da jami'a mace, ko da yake samun hakan ya danganta da wurin da yawan jama'a. Maza a cire hula, a cire tabarau da takunkumin fuska.

Gargaɗi: wanda ya ƙi yarda a ɗauki hotonsa ko yatsunsa, ba za a bar shi ya shiga ba. A yi wa dattijan da ke cikin tafiyar wannan bayanin tun a gida.

6. Daga ƙofar jirgi zuwa layi

Shiga banɗaki tun a cikin jirgi, kafin a fara sauka. Cika gorar ruwa, ka sa magungunanka, musamman na suga da hawan jini, da abincin yara a jakar hannu. In ka samu kujera a gaba lokacin zaɓen wurin zama, ka tsere wa mutum ɗari biyu ke nan.

Da fitowa, tafi kai tsaye. Kada ka tsaya neman intanet ko ɗaukar hoto. Alluna iri biyu za ka gani: mai ɗauke da EU, EEA da CH na 'yan gida ne, naka shi ne mai cewa "All passports". In jirginka na gaba ya kusa tashi, nuna katin shiga jirgin ga ma'aikacin da ke tsare layi, wasu filayen suna da layin masu gajeriyar tazara. Ka tambaya da ladabi, kada ka tsallake igiya da kanka.

Tsoho ko marar lafiya da ba zai iya tsayuwar awa guda ba, a nema masa keken guragu ta hannun kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya. A filayen Turai kyauta ne, kuma ma'aikaci ne zai tura shi har gaban jami'i. Iyayenmu kan ƙi, su ce ƙafarsu lau. A lallashe su.

7. A gaban na'ura

Ba kowane fili ke da na'urorin yi-da-kanka ba, a wasu wuraren jami'i ne ke yin komai a tagarsa. Inda suke kuwa, da fasfo mai guntun lantarki suke aiki, wanda ke da 'yar alamar nan a ƙasan bangonsa, kamar fasfon Najeriya na yanzu.

Zaɓi harshe. Cire fasfon daga rigarsa, buɗe shafin hoto, kife shi a kan gilashi, kada ka motsa har ta gama. Tsaya daidai kan alamar ƙafa, dubi kyamara, fuska a sake. Ɗora yatsu huɗu a shimfiɗe, a haɗe, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. In ta yi tambayoyi kan masauki, tikitin komawa da kuɗi, amsa gaskiya, don jami'i yana ganin amsoshin.

Kowa da nasa, har jariri. A riƙe fasfon kowane yaro daban, kada a haɗa su a dunƙule ana nema a gaban na'ura. In ta ƙi ka sau biyu, bar ta ka kira ma'aikaci. Mai fasfo biyu ya zaɓi ɗaya, da shi zai shiga, da shi zai fita.

Gama da na'ura ba gama bincike ba ne. Layi na biyu na gaba.

8. A gaban jami'i

Gaishe shi, miƙa fasfo, amsa abin da aka tambaye ka kawai. Me ya kawo ka, kwana nawa, ina za ka sauka, wa zai ɗauki nauyinka. Amsarka ta dace da abin da ka rubuta a takardar neman biza. Wanda Faransa ta ba biza amma duk takardunsa na Italiya ne, ya shirya bayani. Wanda dillali ya cika masa takardu, ya karanta su tun a gida ya san sunan otal ɗin da aka rubuta masa, kuma ya tabbatar ba a soke ajiyar ɗakin ba.

Ba za a buga maka tambari ba, kada ka tsaya jira. Kana da damar tambayar kwana nawa suka rage maka. Wani lokaci, in cunkoso ya yi yawa ko na'ura ta lalace, za a wuce da kai ba a ɗauki hoto ko yatsu ba, doka ta ba su wannan damar na ɗan lokaci. Ba laifinka ba ne, amma adana katin shiga jirginka sosai.

In aka kai ka ɗakin ƙarin tambayoyi, ba kamu ba ne. Nemi tafinta in ba ka jin harshen, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. In aka hana ka shiga, dole a ba ka takarda mai ɗauke da dalili, kana da damar ɗaukaka ƙara, kuma hanin yana shiga rajista, duk ƙasashen 29 za su gani.

Bayan nan sai kaya da kwastan. Nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai haramun ne a shiga da su: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk za a ƙwace, ana iya cin tara. Kuɗin hannu da ya kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinsa, dole a bayyana.

9. In jirgi ya tafi ya bar ka

Kada ka fita daga filin, kada kuma ka sayi sabon tikiti cikin ruɗewa. Je teburin kamfanin jirgin na masu canjin jirgi, ko ka duba manhajarsu, sau da yawa sun riga sun sauya maka. Tambayi inda kayanka suke. Rubuta lokacin da jirginka na farko ya sauka da lokacin da ka fito daga layi.

Diyyar da dokar Turai ta tanada wa fasinja tana aiki ne in laifin kamfani ne. Layin shige da fice na gwamnati ne, don haka kada ka sa rai da ita, sai in jirgin farko ne ya makara. Inshorar da ake saya don biza galibi ta lafiya ce kawai. In kana son wadda za ta biya asarar jirgi, karanta sharuɗɗanta kafin ka biya.

Gargaɗi: in ka rasa zango ɗaya ka yi gaban kanka ta wata hanya ba ka sanar da kamfani ba, suna iya soke sauran tikitin har da na komawa gida.

10. Ranar komawa

Isa fili awa 3 kafin tashi, a lokacin hutu ka ƙara. Jerin shi ne auna kaya, binciken tsaro, sannan shige da fice. Tarkon yana tsakanin na biyu da na uku: a filaye da yawa ana tarar da shagunan turare da cakulan kafin a kai layin fasfo, mutum ya zauna sayen tsaraba yana ganin ya gama, sai an kira jirgi ya tarar da layi. Wuce shige da fice tukuna, ka ga ƙofar jirginka da idonka, sannan ka yi sayayya ko ka nemi wurin sallah. Mai neman a mayar masa da harajin kayan da ya saya, wannan ma layi ne na daban, kuma galibi kafin a auna kaya ake yi.

A fita za a sake gwada fuskarka ko yatsunka a rubuta ranar. Wannan rubutun shi ne shaidarka cewa ka fita kan lokaci, tunda babu tambari. Ajiye katin shiga jirgi na takarda da na waya, kuma in ka iso gida ka tabbatar an buga maka tambarin shigowa a Abuja, Kano, Yamai ko Akara.

11. Bayan ka dawo, da tafiya ta gaba

Ana ajiye bayananka shekara 3 daga fitarka ta ƙarshe. In ba a ga rubutun fita ba, shekara 5. A cikin shekara 3 ɗin nan ba sai an sake buɗe maka rajista ba, gwadawa kawai za a yi, ko da yake layin baƙi ɗaya za ka bi da masu zuwan farko, don haka kada ka rage tazarar tikiti sosai.

In wajen neman sabuwar biza ko a bakin iyaka aka ce ka wuce wa'adi alhali ka fita kan lokaci, kana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanka da neman a gyara. Rubuta wa hukumar kula da iyaka ta ƙasar da ka fita ta cikinta, ka haɗa da kwafin katin shiga jirgi, tikiti, da shafin fasfo mai tambarin isowarka gida. In rashin lafiya ko soke jirgi ne ya riƙe ka, haɗa takardar asibiti ko ta kamfanin jirgin. Wanda kuma ya sabunta fasfo tsakanin tafiya biyu, ya gaya wa jami'i tun da farko, ya miƙa tsohon tare da sabon, a haɗa sabuwar lambar da rajistarsa ta da.